Ban Gajiyar Da Na Je Wa Tsohuwa Mai Ihu

Ko da na manta komai na aikin kula da tsofaffi da na yi a Birmingham, ba zan manta ranar da na raka wata tsohuwar Baturiya Manchester ba.

A wani gida a unguwar Selly Oak nake kula da ita, in yi mata wanka, in ba ta magani. Ashe a zamanin ƙuruciyarta 'yar fim ce, irin finafinan nan na ban tsoro da ni ko a kyauta ba na kallo. Ihu ne ya yi mata suna: dodo ya fito, ta kurma ihu, shi ke nan aikinta. 'Yata ce ta gano hotonta a waya, ta ce, "Mummy, she's a legend fa!" Wai shahararriya ce. Na ce to, legend ɗin dai ni nake yanke wa farce.

Wata sinima a Manchester ta gayyace ta, za a nuna tsohon fim ɗinta. Danginta kowa ya ce yana da uzuri, sai ni, da ƙafafuna a kumbure. Tun daga tashar jirgin ƙasa take maimaita abin da za ta faɗa: yadda ta taso gidan talakawa, yadda ta so a ba ta fim ɗin da za ta yi magana a ciki, ba a taɓa ba ta ba. Ta ce, "Yau dai za su saurare ni."

Ina! Ana miƙa mata makirufo wani ya ce, "Yi mana ihun nan!" Ta yi, aka tafa. Ta buɗe baki za ta fara magana, aka ce a sake. Masu ɗaukar hoto suka yi layi, kowa da nasa ihun yake so. Ina tsaye riƙe da rigar sanyinta, raina ya ɓaci, amma wa ya san da ni? Kafin mu fito muryarta ta dishe.

Washegari ba ni da aiki, kuma jikina kamar an yi mini duka. Amma a wurinmu wanda ya yi hidima ana zuwa masa ban gajiya, sai na ja ƙafa na hau bas. Tana ganina ta ce, "Yau ba ranarki ba ce." Na ce, "Ba aiki na zo ba, Mama. Gajiyarki na zo tambaya, haka muke yi."

Sai ta ce in zauna. Da wannan disasshiyar murya ta faɗa mini jawabin nata tun daga farko har ƙarshe, ni kaɗai, shayina ya huce a hannu. Da ta gama na tafa mata, ta yi dariya har da hawaye.

Ba ta kai wani lokacin sanyin ba, ta rasu. Tun daga nan na gane cewa mutum na iya shekara da shekaru yana ihu a gaban jama'a ba wanda ya ji shi, don haka in tsoho ya fara magana, komai gajiyata sai na zauna.