Ranar da Bodari Ya Shiga Akurkin Inna

Da muka baro Dogon Dawa saboda 'yan bindiga, kajinta kawai Inna, mahaifiyata, ta iya ɗaukowa. A Birnin Gwari muka samu gida a bakin gari, bayansa daji. Ni na haɗa mata akurki da hannuna.

Wata safiya na ji ta rafka salati. Kafin in isa wurin, wani ɗoyi ya tare ni har idona ya kawo ruwa. Kajin na kwance birjik, kowace da cizo a wuya, ba wadda aka ci. Na durƙusa na leƙa ciki. Sai wata 'yar dabba baƙa mai ratsin fari ta ɗaga wutsiya ta fesa mini wani abu a riga, ta sulale ta ƙarƙashin danga. Na tsaya sororo. Ko girman mage ba ta kai ba.

Na ce, "Inna, bodari ne."

"Rufe bakinka! Mai turare ake cewa. In ka ambaci sunansa sai ya dawo."

Da azahar ƙanena da ke karatu a Jamus ya bugo waya. Na ba shi labari, Inna na gefe tana ji.

Ya ce, "Yaya, ai akwai ɗan'uwansa a nan. Jamusawa wizal suke ce masa, haka mutanen Holan da na Ingila, bambancin kaɗan ne. Masana na zaton sunan ya fito ne daga wata tsohuwar kalma ta kakanninsu mai nufin ɗoyi. A wasu ƙasashen nan ma a da can mutane ba sa kiran sunansa, sai su ce amarya, ko kyakkyawa, don gudun sharrinsa."

Na dubi Inna. Ni da na ɗauka wannan camfin ƙauyenmu ne kawai.

Inna ta fizge wayar. "Turawan? Masu jirgin sama?"

"Su fa, Inna."

"Su ma yana kashe musu kaji?"

"Yana kashewa."

Ta riƙe haɓa. Can ta ce, "To, ka yi musu jaje."

Da la'asar na binne kajin a bayan gida. Rigar kuwa na wanke, na sake wankewa, na shanya. Maƙwabta suka fara tambayar abin da ya mutu a gidanmu. Dole na cinna mata wuta.