Baba Modu da Jar Motarsa

Da hantsin Talata Okoro makanike ya tako daga Sabon Gari har ƙofar gidana a Fagge, hannunsa duk baƙin mai, ya shaida mini cewa Baba Modu ya cika. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Wajibi ne tarihi ya rubuta cewa marigayin ya shekara talatin yana tuƙa motar gyaɗa bai taka ko kaza ba. Sai da furfura ta cinye gemu, gwiwoyi suka fara kuka, sannan ya sayi 'yar jar motar tsere marar rufi a hannun wani Bature mai komawa gida. Na bincika littattafai masu nauyi, ban sami malamin da ya bayyana wannan ciwo na tsofaffin direbobi ba. Mota mai kujera biyu tak, a gidan da ake ɗora tukunyar mutum goma sha huɗu. Shiga da babbar riga jihadi ne, fitowa kuwa sai an kama hannu. Matarsa, Ya Falmata, ta tambaye shi me tsoho zai yi da gudu. Ya ce, "Duk rayuwata kayan mutane nake ɗauka. Yanzu kaina zan ɗauka."

Wata uku ya more ta, famfon mai ya mutu. Okoro ya duba ya ce motar ƙirar Italiya ce, can za a aika neman sabon famfo. Baba Modu ya ƙi. A iliminsa, wanda ba ya karɓar gyara, ƙarfen kirki a Ingila kaɗai ake ƙera shi, Italiya kuwa ko keke bai taɓa jin sun yi ba. Ni aka sa na rubuta wasiƙa zuwa Ingila. Na san Okoro ne mai gaskiya, amma nauyin dattijo ya kulle mini baki. Abin yana cina har yau.

Bayan wata bakwai famfon ya iso, ya ƙi zama. Marigayin ya ce Okoro ne bai iya ɗaurawa ba. Kullum bayan la'asar sai ya zauna cikin motar a inuwar durumi, riƙe da sitiyari, yana amsa gaisuwar masu wucewa.

Makon jiya ya kira ni, ya rage murya: "Malam, rubuta wa mutanen Italiyar nan. Amma kada Okoro ya ji." Na rubuta. Ina jin wasiƙar ba ta ko tsallake teku ba.

Allah Ya jiƙan Baba Modu, Ya yafe masa taurin kansa, ni kuma Ya yafe mini shiruna. Allah Ya ba Ya Falmata da 'ya'yansa haƙuri, Ya ƙara musu dangana ranar da amsa za ta iso. Amin.