Injin da Baba Abel ya zaɓa wa hannun Naziru

Kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin tashar Dogon Dutsi, Baba Abel ya riga ya buɗe rumfarsa. Da shara yake farawa. Ya tara garin katako waje guda domin matan unguwa da ke ɗiba su tada murhu, ya jera gizago da zarto da guduma a kan teburin aiki, kowanne inda hannunsa zai same shi ko bai duba ba, sannan ya zauna da kofin shayi. Ban taɓa ganin ya shanye shi a zaune ba. Sai ya tuna da wata ƙafar kujera da ta karkace, ya miƙe, shayin ya huce, ƙudaje su gaje shi.

Sunana Mani, tsohon direba. Na ja babbar mota zuwa Kwatano da Lome har ƙuguna ya ce ya isa, yanzu bencin gaban rumfar Abel shi ne wurin zamana. Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe cikinta ba, amma na ga masu sana'a a garuruwan mutane, na san mai aiki, na san mai riƙe guduma don a gan shi. Ina sauri in rubuta wannan ne tun mutumin yana kusa, domin ɗiyarsa Mireille, wadda ke aikin jinya a Yamai, ta zo tafiya da shi a duba masa yanar ido, kuma ban san yaushe zai komo ba.

Abel Kirista ne, a wajen 'yan mishan ya koyi kafinta yana saurayi. Bencunan cocinsu aikinsa ne. Makarar masallacin unguwarmu ma shi ke kula da ita; liman ya ce mini bai taɓa aika masa ba, sai dai a wayi gari a ga ƙafar da ta saki an ɗaure ta. Amma abin da ya kai sunansa Tibiri da Geceme shi ne ƙota. Manomi ya zo neman ƙotar hauya ko ta gatari, Abel ba zai ciro masa wadda ke rataye ba. Sai ya ce, kawo hannu. Ya matsa tafin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa mutum ya yi kamar yana aiki, sannan ya ɗauki gizago. Masu gaggawa na tsaki, amma suna dawowa. Zalihatu ta Dumega, wadda wuta ta ƙone wa hannu tana ƙarama har gwiwarsa ta maƙale, ta faɗa a gabana cewa tuwon da take sayarwa ta ci da 'ya'yanta, da muciyar Abel take tuƙa shi, muciya mai karkataccen wuya da babu irinta a kasuwa.

To, zamani ya juya. Yanzu uwar amarya ba ta son gado sai mai zane, mai ginin gida ba ya son ƙofa sai mai layi-layi da furanni, irin waɗanda inji ke ƙwaƙulewa. Aikin ya koma Doso da ƙetaren iyaka. Muna zaune muna ganin gadaje na wucewa a bisa motoci, rumfar Abel kuwa sai gyaran kujera. Ga idon Abel ya fara hazo, ga hannu ya fara rawa.

Magajin rumfar ɗaya ne, Naziru. Magidanci ne mai 'ya'ya, a hannun Abel ya koyi aikin, daga baya ya ƙetara Najeriya wajen wasu masu injin tsaga katako. Ya dawo babu manuniya da ɗan yatsan tsakiya a hannun dama. Tun daga nan, ko injin niƙa aka tayar kusa da shi sai gumi ya karyo masa. Da kayan hannu yana aiki mai kyau, amma aikin hannu ya daina cika tukunya. A bara bayan girbi ya haɗa jaka, ya ce zai bi masu haƙar zinariya wajen Agadas. Matarsa Hindatu ta same mu a rumfa, ba ta yi kuka ba, ta ce wa Abel kawai, mai yatsu biyar ma rami na cinye shi, balle. Idan Naziru ya tafi, gidansa ya zama na jira, rumfar kuma ta mutu.

Abel ya yi shekara da shekaru yana zagin inji. Ya sha ce mini abin da ke ihu haka ba ya jin katako. Amma a makon nan ya kasa zama ya kasa tsayuwa, ya share rumfa sau ba adadi, daga ƙarshe ya aika wa Is'haƙa mai kayan ƙarfe, wanda ke sarin kaya a Yamai, cewa ya taho masa da injin zane, wanda kafintoci ke kira defonsez.

Ranar da kayan suka iso muka tafi mu uku, Naziru na biye kamar wanda aka kira wajen jandarma. Is'haƙa Babarbare ne, Abel Ba'are, mutumin Arewar Dogon Dutsi, ka san abokan wasa ne, tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya. Yana ganinmu ya ce yau bawansa ya zo sayen abin da ya fi ƙarfin kansa. Abel ya ce ai da ya san ɓarawon ya farka da ya bar hularsa a gida.

Is'haƙa ya jera injuna a kan tebur. Ya dafa wani ƙato mai nauyin ɗan akuya, haƙorinsa tsirara a waje, ya ce, "Wanga shi ne na maza. Ko kirya ce yanka ta yake kamar sabulu."

Abel ya tambaye shi ko ɗan gurup ɗin, wato janareton da ke ba rumfa wuta idan kuran na gari ya ɗauke, zai iya ɗaga shi. Is'haƙa ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya sai dai a sake gurup. Abel ya tambaye shi batun haƙora: na Najeriya da inci ake auna su, na Yamai da milimita, wane baki ne ke karɓar duka biyun? Is'haƙa ya ware guda biyu gefe. Dukansu masu nutso ne, wato kan injin na hawa da sauka a bisa sanduna biyu, haƙorin yana ɓoye a sama sai ka danna shi ya shiga katako, in ka saki ya koma da kansa. Ɗaya sabo fil yana walƙiya, ɗayan ya sha hannu, fentinsa ya koɗe.

Ni da Is'haƙa duk sabon muke kallo. Abel kuwa ya juya wajen Naziru, wanda ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa cikin aljihu.

"Kawo hannu."

"Baba, mi za ka yi da shi? Ka san abin da ya rage."

"Shi nake son in gani."

Naziru bai taɓa yarda kowa ya riƙe hannun nan ba. Ya ciro shi a hankali. Abel ya matsa tafin, ya bi kututturen yatsun da suka tafi, ya ce ya damƙe shi da ƙarfi, ya ƙara. Sannan ya rufe ido ya shafa mariƙin kowane inji. Sabon, makunninsa yana ƙarƙashin manuniya, daidai inda babu komai. Tsohon, makunninsa na babban yatsa ne, maɓallin da ke riƙe shi a ƙasa kuma yana hannun hagu. Ya ce a ɗaure masa tsohon. Is'haƙa ya ce daman tsoho sai tsoho.

Kai ne, Abel, wanda ya shiga shagon injuna bai auna inji ba sai da ya auna mutum. Mai gizago na Mireille, mai tambayar hannu kafin ice.

Ba a nan ta ƙare ba. Abel ya sassaƙa guntun kirya ya ƙara wa mariƙin dama kauri, daidai yatsu uku, amma Naziru ya ƙi kunnawa. Abel bai matsa masa ba. Ya sa shi ya riƙa ɗora injin a kan katako ba wuta, ya danna, ya saki, ya danna, ya saki, domin hannunsa ya yarda cewa haƙorin na komawa gida. Masu wucewa na dariya, wai Naziru ya koma daka. Jakar dai tana nan ɗaure, motar Agadas kuma Hindatu ta ji an ce bayan kasuwar Juma'a za ta tashi. Ni kaina na kasa zaman benci, in leƙa tasha in dawo.

Ranar Juma'ar da hantsi Naziru ya zo sallama. Abel bai ce masa ya zauna ba. Ya yi masa addu'ar hanya, ya ɗaure falanki a teburi, ya jawo injin da hannayensa masu rawa, ya sunkuya har gemunsa na taɓa ƙarfen, yana laluben makunni.

"Tahi abinka," in ji shi. "Ƙofar mutanen Geceme na karɓa, ni zan yi ta."

Naziru ya yar da jakar ya damƙe injin. "Baba, ko layin ba ka gani! Saki!"

Ni ina zaune ina ganin abin da Naziru bai gani ba: igiyar wutar ba a jone take ba, kanta na ƙarƙashin takalmin Abel. Tsohon ya ja da baya, ya ɗaga ƙafa, ya ce to ai sai mai ido ya jona. Naziru ya dubi igiyar, ya dubi Abel, ya gane. Sannan ya duƙa ya jona ta.

Da injin ya yi ihu rigar Naziru ta jiƙe da gumi nan take. Ya danna, tsoro ya kama shi, ya saki. Haƙorin ya koma sama kamar yadda ya saba. Ya sake dannawa. Layin farko ya fita a karkace kamar sawun maciji, na biyu ya miƙe. Motar Agadas ta tashi bayan la'asar, Naziru na cikin garin katako har gira.

Ƙofar tana Geceme yanzu, mai son gani ya je. Gadon amaren bana uku daga rumfar nan suka fita. Abel har yau bai kunna injin ba ko sau ɗaya, kuma har yau yana cewa abin ba ya jin katako. Falankin mai karkataccen layi ya kafa shi a bango, ya hana a ƙona.

Baba Abel, mun gode. Hindatu ta gode, liman ya gode, manoman da hannunsu bai yi bororo ba sun gode. Allah ya buɗe idon, ya maido mana da kai. Ku kuma masu sana'a, da masu 'ya'ya, da duk mai wani abu da zai bar wa na baya, kada ku miƙa masa abin da ya dace da naku hannun. Ku ce ya kawo nasa, ku duba abin da ya rage a ciki.

Yau da safe Mireille ta tsayar da mota a ƙofar rumfa tana ta danna oda. Abel na ciki, ya riƙe hannun wani manomi daga Tibiri, ya kira Naziru ya ɗora yatsunsa uku a tafin mutumin yana nuna masa inda ake matsawa. Shayinsa na kan benci kusa da ni. Ya huce.