Zaren da na auna cikin Yaya

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba ni mance cikin fari na yayata, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina budurwa, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma akwai rawar kai. In maƙwabta za su awo asibitin Dogon Dutsi sai in bi su daga ƙauyenmu, in laɓe a taga ina kallon ungozomar asibiti tana auna ciki da metir, igiyar awo mai lambobi. Ni ba metir, ba karatu, sai na samo zaren saƙa.

Yaya ta zo goyon ciki gida. Kowace ranar kasuwa sai in ja ta ɗaki, in miƙa zare daga mara zuwa inda cikin ya tsaya, in ƙulla.

"Ke lokotoron zare, sake ni!" take cewa, tana dariya.

Ƙulli ya yi ta hawa. Ana shiga wata na tara, sai ya tsaya. Kasuwa uku, wuri guda! Na kasa zama, tuwo ma ya ƙi shiga. Na kai wa Inna zaren.

"Cikin ya kwanta ne, shina tashi in lokacinshi ya yi. Mi kika sani?"

Na koma wurin Yaya. "Shina motsi?" Ta sunkuyar da kai. Kunyar ɗan fari ba ta bari a yi zancenshi. Sai da na matsa ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Tun shekaranjiya ba sosai ba."

Kuka na sa wa Baba har ya ɗora wa jaki akumari, muka ɗauki Yaya sai asibiti. Inna na biye tana faɗa.

Ungozoma ta auna, ta kafa ɗan ƙahonta a cikin Yaya ta saurara, ta daɗe tana juya zarena. Ta ce, "Ɗan ya bar girma. In mun jira, muna iya rasa shi. Yau za mu tayar da naƙuda."

"A tayar da naƙuda da hannu?" in ji Inna. "Ba a gidanmu ba!"

Sai Yaya, mai kunyar nan, ta ɗago kai. "Inna, a yi."

Aka fasa faya, aka yi allura. Ni kuwa sai kai da kawo a bakin ƙofa. Da la'asar muka ji kuka, siriri kamar na ɗan akuya. Ɗiya ce, 'yar mitsitsiya, amma da ranta.

Ranar na koyi cewa ido da ya saba ganin abu kullum ba ya lura in ya tsaya. Yanzu in an ce mini ciki ya kwanta, ba ni gardama. Zare nake ɗaukowa.