Saman Italiya a Shagon Nima

Ƙarya ɗaya na yi don abokaina su yi dariya, har yau kunyarta ba ta sake ni ba.

Ina da shekara goma sha biyar, ina koyon buga takarda a wani shagon kwamfuta a unguwar Nima. Na'urar tsohuwa ce. In ka kunna ta, sai ka je can shataletalen Circle ka ci shinkafa da wake ka dawo ba ta gama farkawa ba. Duk tsawon lokacin nan abu ɗaya take nunawa: shuɗin sama da fararen gizagizai.

Wata safiya Kaka ta kawo min koko da ƙosai, ta tarar da hoton.

"Maigidana, nan kuma ina ne?"

"Saman Italiya ne, Kaka, inda Kawu yake. In ya fito garau haka, lafiyarsa lau."

Yaran shago suka sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Kawu shi ne autanta. Shekara biyu ke nan da ya bi ta hamada zai tsallaka teku, ko wasiƙa ɗaya ba mu samu ba.

Kaka ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallo. "Alhamdulillahi, ba a ruwa a can. Yaron nan ƙirjinsa ba ya son sanyi."

Daga ranar kullum sai ta tako daga unguwarmu Maamobi da ciwon gwiwarta, a kunna na'urar a gabanta. Da hoton ya wuce sai ta ce, "Kai, mijin banza, maido min shi." In kashe, in sake kunnawa. Har ƙari nake yi: "Yau da 'yar iska, Kaka, ga gajimare can ya motsa." Ƙosaina kuwa ya ninka.

Ana nan wani mutum ya dawo daga Libiya, ya zo gidanmu, ya daɗe yana gaisuwa. Daga baya ya ce tare suka tafi da Kawu, da hannunsa ya binne shi a hanya tun watan farko.

Kaka ta ce, "Malam, ka yi kuskure. Jiya ma na duba shi, garau. Maigida, gaya musu."

Duk tsakar gida aka juyo kaina. Na gaya musu: hoto ne kawai, da shi na'urar take tashi kullum.

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. "To," kawai ta ce, ta shiga ɗaki.

Ta ƙara shekara uku a duniya. Ba ta sake kirana maigida ba, ba ta kuma sake bin layin shagon ba.