Ntate Tsekiso, Wanda Ya Hana Karnukanmu Ƙiba

Kafin mu ɗora ruwan shayi, Ntate Tsekiso, wato Baba Tsekiso a yarenmu, ya riga ya hau kekensa yana bin gidajen garinmu, Thaba Nchu. Sai ya gaida kare kafin mai gida. Zai durƙusa ya lalubi haƙarƙarin kwikwiyo, irin manyan nan na Boerboel, in yatsunsa suka nutse cikin kitse ya ɗago ya yi maka kallon da fasto ke yi wa mai gyangyaɗi a coci. Ma'aikacin ƙungiyar kula da dabbobi ne, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji.

Maganarsa kullum ɗaya ce: babban kare in ya yi saurin girma, nama ya fi ƙarfin ƙashi, sai ƙugu ya saki. "Wani ciwon gadonsa ake yi, ba ni da iko a kai," in ji shi. "Amma kwano a hannunki yake."

Ku tambayi maƙwabciyata Mamosa. Mijinta ya rasu, karen da ya bari ya mutu yana jan ƙafafun baya. Ɗanta ya kawo mata kwikwiyo, Sefako, don kada ta zauna ita kaɗai. Ta dinga ɗura masa tuwon masara da fatar kaza da madara, har da garin ƙashi.

"Mme, uwata, kare kike kiwo ko aladen Kirsimeti?" in ji Tsekiso.

"Ntate, kai da kake kamar sandar tsintsiya, me ka sani game da ci?"

"Na san yadda karen mijinki ya ƙare."

Daga ranar Mamosa ta koma auna wa Sefako ci, abincin kwikwiyon manyan karnuka kawai, ba ƙari. Sefako ya zama siriri, bakin matan unguwa kuwa ya buɗe. A nan ai kare mai ƙiba shi ne shaidar gida na da wadata. Wai tun da mijin ya tafi ko kare ba ya ƙoshi a gidan Mamosa. Wata har ta miƙo mata buhun gari ta kan shinge, da fuskar tausayi. Mamosa ta yi kuka, ta ce gobe za ta cika kwanon.

Ranar taron adashi, muna zaune, sai ga keken Tsekiso a ƙofa. Ya cire hula ya ce, "Iyayena, ni na hana karen nan ci. Mai zagi ta zage ni, ta ƙyale Mamosa."

Aka kuwa karɓi tayin. Tun daga nan sunansa Ntate Yunwa, kuma yana amsawa.

Ntate, kai ne ka ɗauki sunan banza don wata ta riƙe mutuncinta. Kai ne ka ƙi barin tausayi ya gurgunta dabba. Yau Sefako ya yi furfura a baki, amma da ƙafafunsa huɗu yake raka Mamosa karɓar fansho, yana gaba tana baya, ba mai tare ta a hanya.

Mun gode, Ntate. Ubangiji ya hutar da gwiwoyin nan. Ku kuma matasa, a samu masu hawa keken bayansa, ko da za a yi musu suna. Masu kwikwiyo ku rage hannu. In tausayin ya dame ku, ku kawo mini rabon, ni ƙuguna ya riga ya gama lalacewa.