Ceton Hotunan Kawu a Agege

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha a Zariya, ni da wani ɗan'uwana, kowa da jakarsa a baya. Jama'a, rabona da Legas tun ina ɗan firamare, don haka zumuɗin da nake yi ko kunyarsa ba na ji. Kawuna ne sanadin tafiyar, ƙanen mahaifiyata, tsohon mai ɗaukar hoto a Agege. Biki ne, suna ne, saukar karatu ce, dawowar alhazai ce, in dai a unguwarsu aka yi to shi ya ɗauka. Har tsofaffin na takarda ya sa an mayar masa cikin kwamfuta kafin damshin Legas ya cinye su. Duka suna cikin kwamfuta ɗaya tak a ɗakinsa, babu kwafi a ko'ina. Sai ya kira ni yana cewa ta fara wani ƙas-ƙas in an kunna ta, kuma mai gyara ya ce faifan cikinta ya kusa mutuwa. Na roƙe shi kada ya sake kunna ta sai na iso.

Hanyar Mokwa muka bi, kuma duk wanda ya ce muku ta gyaru ku tambaye shi ta sama ya bi ko ta ƙasa. Tireloli sun yi jerin gwano, direbanmu yana kutsawa tsakaninsu yana salati, mu ma muna taya shi. Amma da muka hau gadar Jebba na ga faɗin kogin Kwara, duk ciwon bayan ya tafi. Can muka sayi soyayyen kifi, mai sayarwa ta faɗi kuɗin da ya sa ɗan'uwana ya tambaye ta ko kifin ya yi digiri. Mun kwana a Ilori, inda na ci amala da miyar ewedu, wato ayoyo, na sha ruwa ya fi na kowa saboda barkono.

Washegari muka ƙarasa Ibadan muka shiga jirgin ƙasa. Kai! Kujera mai laushi, sanyi na busowa, daji kore shar yana wucewa ta taga, ga bishiyoyin kwakwar manja ko'ina. Na ɗauki hotuna har wayata ta yi zafi. Muna sauka a Agege hayaniya ta tarbe mu: motocin haya na danfo masu ruwan ɗorawa, kwandastoci rataye a ƙofa suna kiran Ogba da Mushin, ƙamshin burodi da na tsire a haɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai shayi zai yi maka Hausa tsantsa, ya juya ya yi wa na gefenka Yarbanci ba tare da ya ja numfashi ba.

Kawu ya rungume ni yana kirana Bazazzagi. Ya tsufa fiye da yadda nake zato, tabaransa kauri kamar gindin kwalba. Kwamfutar na kan wani tebur da aka ɗora ƙafafunsa a kan bulo, domin in ruwan sama ya yi ƙarfi har ɗaki yake shigowa. Ya lulluɓe ta da wani tsohon zane, ya ce tun ranar da muka yi waya ko maɓallinta bai taɓa ba. Nan na gane aikin ya wuce in kwashe hotuna in tafi. Kawu har yanzu yana ɗaukar hoto in an gayyace shi, don haka dole a samo manhajar ajiya da shi da kansa zai iya amfani da ita bayan na koma gida.

Da safe, bayan mun yi karin kumallo da burodin Agege da wake mai jan mai, muka hau danfo zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ni da nake ji da kaina a harkar waya da kwamfuta, sai da na tsaya na saki baki. Shaguna kan shaguna, benaye cike da allon kwamfuta, samari na jan hannunka suna “oga, oga”. Kawu ya ratsa su da Yarbancinsa har shagon wata mata 'yar kudancin Kaduna da ya saba sayen katin kyamara a wurinta. Ta gaishe shi da Hausarta mai daɗi, ta ba shi kujera, ta buɗe mana kwamfutar shagon ta ce mu gwada duk manhajar da muke so.

Ni dai tun daga gida akwai wadda na ƙwallafa rai a kai. Tana dunƙule komai wuri ɗaya ta kulle da kalmar sirri, tana da jadawali, tana da zaɓi kala-kala, abin gwanin sha'awa. Na zauna ina ta bayani ina jin daɗin kaina. Da na miƙa wa Kawu linzamin kwamfutar, shafi na biyu bai kai ba ya ɓace. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi lambar katin bankinsa ma sai ya tambayi Hajiyarsa, ina ga wata kalmar sirri. Ya kuma yi wata tambaya: in kwamfutar ta mutu, wata kwamfutar za ta iya buɗe dunƙulen? Na ce sai an sa mata irin manhajar, an kuma tuna kalmar. Ya ce a wuce.

Ta biyu ita ce mai tura komai intanet, abin da suke kira gajimare. Na ce wannan ko gobara aka yi hotunan na nan. Na zaci tsadar data ce za ta hana shi, ashe ba nan hankalinsa yake ba. Ya ce, “Bazazzagi, hotunan nan ba nawa ba ne fa. Matan mutane ne a ciki, ranar kamu, ranar lalle, ba mayafi. Don sun san ni suka bar ni na shiga cikin gida. Yanzu in ɗauka in ba wanda ban san fuskarsa ba ya ajiye? Abeg, bar wannan.” Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa a kulle suke, mutane da yawa na amfani da shi lafiya lau. Ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai. Gaskiya na ji haushi kaɗan a lokacin, amma na ji girmansa ya ƙaru a idona.

Ta ukun ni har raina ta na yi. Kyauta ce, fuskarta fayau, babu ado. Sau ɗaya za ka nuna mata inda za ta ɗauko da inda za ta kai, daga nan sai babban maɓalli guda. Sabbin hotuna kawai take ƙarawa, ba ta goge na da, kuma hoto yana zama hoto, kowace kwamfuta za ta buɗe shi. Kawu ya danna, layi ya cika ya zama kore, ya ce, “Shi ke nan? Oya, ita nake so.” Mai shagon ta yi ta dariya. Muka sayi faifan ajiya guda biyu irin na sokawa ta waje, bayan cinikin da Kawu ya fara da Hausa ya ƙare da Turancin buroka.

Da azahar muka dawo gida, aka ce an ɗauke wuta. Wani maƙwabci mutumin Nijar, mai gadi ne a Ogba, ya ara mana janaretonsa ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Na yi bismillah na kunna kwamfutar. Ƙas, ƙas, ƙas, sannan allon ya kawo. Na sa manhajar, na soka faifai, na ce Kawu ya danna da hannunsa. Sunayen folda suka fara wucewa, shi kuma yana faɗin masu su: wannan ya rasu, wannan ta koma Katsina, wannan jaririn yanzu shi ke tuƙa tirela. Ana cikin haka layin ya tsaya cik. Muka matso kusa da allon. Manhajar ta rubuta cewa wasu hotuna ba sa karantuwa, ta tsallake su ta ci gaba. Na wani biki ɗaya ne suka salwanta, kuma Kawu ya yi jimami sosai. Amma da layin ya cika ya yi kore, tsohon nan ya miƙe ya yi kabbara, ɗan'uwana ya yi tsalle har ya kusa ture fanka. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba.

Daga faifai na farko muka cika na biyu. Kawu ya kira maƙwabcin nan ya zama shaida, ya damƙa min shi ya ce in tafi da shi Zariya, tunda ruwan Agege ba zai kai can ba. Ya ce ajiya ce ba kyauta ba, kada in buɗe wa kowa, in ta Allah ta kasance a kansa in dawo wa mutanen unguwa da abinsu.

Dawowa motar safa muka hau kai tsaye, faifan na naɗe cikin rigata a tsakiyar jaka, jakar kuma a kan cinyata har Zariya. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne manhajar da ta dace ita ce wadda mai kayan zai iya dannawa ba ka kusa, kuma ya yarda da inda take kai masa kayansa. Kwafi ɗaya kuma kada ya kwana ɗaki ɗaya da na asali.

Ban gama huce gajiya ba Kawu ya kira. Ya ce da safen nan ya kunna kwamfutar, ko ƙas ɗin ma ba ta yi ba, ta tafi ke nan. Kafin in ce komai ya ci gaba: wata yarinyar unguwa da za a aurar ta zo neman hoton mahaifinta da ya rasu tana goye, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ɗauki faifansa suka je shagon masu buga takardu, aka soka, ya nemo mata. Na ce, “Kawu, ta gan shi?” Ya ce, “Ta gan shi. Tana nan zaune ma, ta ƙi tashi daga gaban allon.”